Harbin Gaba da Harbin Baya: Ɗan Tarihin Bindiga a Hannun Maharbi

A Hausa mu kan ce maharbi ya harbi barewa, jaki ya harbi yaro, kunama ta harbi mace. Kalma ɗaya ce, aiki uku. Bindiga kuwa ta haɗa su duka: da kunama a ke tayar da ita, ta harbi nama ta gaba, sa'an nan ta yi wa mai ita harbin jaki ta baya. Wannan harbi na baya shi ne abin da mu ke so mu bi tarihinsa.

Sunayen kayan su kansu baƙi ne. Bindiga daga Larabci ta fito, watau bunduƙiyya, albarushi daga al-barud, harsashi kuwa daga ar-rasas, watau darma. Ta arewa ke nan sunan ya shigo. A Barno, Mai Idris Aloma ya yi yaƙi da 'yan bindiga Turkawa tun cikin ƙarni na 16. Littafin Tarihin Kano ya nuna zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, a ka kawo bindigogi daga Nupe, kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A lokacin nan sunan 'yan bindiga bai ɓaci ba tukuna.

Irin da ta zo ta kudu, daga hannun fataken Turawa na bakin teku, ita ce a ke ɗurawa ta baki, wadda mu ke kira bindigar toka ko harba-ka-ruga. Sunan nan na biyu ya isa bayani. A zuba albarushi, a tura tsumma, a sa darma ko gutsattsarin ƙarfe, a danna da sanda. Ba ma'auni tsayayye, sai ƙiyasin mai ɗuri. In ya cika hannu, bindiga ta buge shi, ko ma ta tsage. Saboda haka da yawa su ka saba riƙe ta nesa da kafaɗa, su kau da fuska. Wanda kuwa ya kau da fuska ya rabu da saiti. Ba mamaki ke nan da baka da kibiya mai dafi su ka daɗe ba su bar hannun maharba ba.

Dalilin bugun ba ɓoyayye ba ne. Isaac Newton ya bayyana shi a 1687: gwargwadon yadda albarushi ya tura harsashi gaba, haka ya ke tura bindiga baya. Mu ɗauki Martini-Henry, wadda sojan Ingila su ka karɓa a 1871, wadda ta yi suna wajen ƙuje kafaɗa. Nauyinta wajen kilo 4, harsashinta giram 31, ya na fita da gudun mita 400 a daƙiƙa. In a ka yi lissafi, bindigar za ta komo da gudun mita 3 a daƙiƙa, ban da abin da hucin albarushi zai ƙara. Da a ka sami albarushi marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya haɗa a 1884, sai a ka koma ga ƙananan harsasai masu sauri. Na Lee-Metford ta 1888 bai kai rabin nauyin na Martini ba, bugun kuma ya ragu.

Amma wannan sauƙi bai iso ga maharbanmu ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, ta bar musu ta ƙanƙara da albarushin kasuwa. Maƙeran gida su ka ci gaba da ƙera ta toka, maharbi ya ci gaba da shan duka.

Ga wani abin lura kuma. A 1884 Hiram Maxim ya ƙago bindigar da ta ke amfani da bugun bayanta, ta fid da kwanso, ta ɗura sabon harsashi da kanta. Ita ce bindiga mai ruwa, wadda rundunar Lugard ta zo da ita Kano da Sakkwato a 1903. Watau ƙarfin da maharbinmu ya ke kauce wa, shi wani ya ɗaura wa linzami ya ci ƙasa da shi.

To, me mai zaɓen bindigar farauta zai tsinta a nan? In harsashi ɗaya ne, bindiga mai nauyi ta fi sauƙin bugu, ko da ya ke ta fi wuyar ɗauka a daji. Kada ya nemi harsashin giwa alhali gada ya ke bi. Ya manna gindinta sosai a kafaɗa, ya ɗan karkata gaba, ya ja kunama sannu, idonsa a buɗe. Gama wanda bindiga ta firgita ya kan runtse ido tun ba ta tashi ba, ya raunata dabba ta tafi ta mutu a banza, ko kuwa, in ɓauna ce, ta juyo kansa.