Lambar 2,147,483,647

Idan aka jera 2 har guda 31, aka ninka su da juna, sannan aka cire 1, abin da zai fito shi ne 2,147,483,647. Lamba ce mara rabuwa, wato babu lambar da za ta raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Ita ce ta takwas a jerin irin waɗannan lambobi da ake dangantawa da Mersenne, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287.

An daɗe ana zaton ba ta rabuwa kafin a samu hujja. Pietro Cataldi na Italiya ya faɗi haka a 1588, Marin Mersenne, limamin Kirista na Faransa, ya maimaita a 1644. Daga cikinsu babu wanda ya iya tabbatarwa.

Leonhard Euler ne ya warware matsalar a 1772, yana zaune a birnin St. Petersburg na Rasha, idanunsa kuma sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Dabararsa ta cancanci a tsaya a kanta. Da farko, ba a buƙatar gwada lambar da ta wuce 46,340, domin 46,341 sau 46,341 ya riga ya zarce lambar da ake bincike. Duk da haka aikin ya fi ƙarfin mai alƙalami da takarda. Sai Euler ya nuna cewa duk lamba mara rabuwa da za ta iya raba ta, dole idan an raba ta da 248 saurarta ya zama 1 ko 63. Da wannan rariya ya tace dubbai suka koma kaɗan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai samu ko guda ba. Ya sanar da masanin lissafi Daniel Bernoulli sakamakon a wasiƙa.

Ta shafe shekaru da dama tana riƙe da kambun lamba mara rabuwa mafi girma da aka sani. A 1876 Édouard Lucas ya tabbatar da wata daga dangin Mersenne mai alƙaluma 39.

Zuwan kwamfuta ya sake fito da ita. Na'ura mai ajiye lamba a gurbi 32, ɗaya na nuna ko lambar tana sama da sifiri ko ƙasa, ba ta iya ƙirga abin da ya wuce 2,147,483,647. A 2014, yawan kallon bidiyon Gangnam Style na mawaƙin Koriya ta Kudu, Psy, a YouTube ya haura wannan adadi, YouTube kuma ya faɗaɗa ma'auninsa zuwa gurbi 64. Matsalar da ta fi wannan nauyi tana ga agogo. Tsarin kwamfuta na Unix yana ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma ƙirgen zai cika a ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 3:14:07 na dare agogon GMT. Na'urar da ba a gyara ba za ta koma Disambar 1901, shi ya sa injiniyoyi ke ta sauya tsofaffin manhajoji tun yanzu.