Komawa aiki da yin sallah bayan tiyatar sauya gwiwa

Tambaya: An yi mini tiyatar sauya gwiwa. Yaushe zan koma aiki, kuma yaya zan riƙa sallah a can?

Amsa: Allah Ya ƙara sauƙi. Mai aikin zaune yakan koma bayan kimanin mako 6. Mai ɗaukar kaya ko doguwar tsayuwa yakan kai wata 3 ko fiye. Likitanka ne zai yanke.

Durƙuso ne ke daɗewa bai dawo ba. Idan sujada ta gagara, sallah a kujera ta halatta. Amma tsayuwa rukuni ce a farilla, ba ta faɗuwa daga kan wanda zai iya. Ka yi kabbara da karatu da ruku'u a tsaye, sannan ka zauna ka sunkuya don sujada. Wallahu a'alam.