Asalin Walda

Wanda ya ga tartsatsi na tashi a rumfar mai walda zai ɗauka sana'ar baƙuwa ce da ta biyo lantarki. Alhali kuwa walda 'yar ƙira ce. Tun kafin a san inji, maƙeri kan cusa ƙarfe biyu cikin garwashi, yaro na zuga, sai sun yi fari fat, sannan ya zaro su da awartaki, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya yi ta bugu da masaba har su zama guda. Da wannan dabarar maƙeran Indiya suka haɗa ginshiƙin ƙarfen nan na Delhi, mai nauyin tan shida, wajen shekara ta 400, yana nan tsaye har yau.

Abin da Turawa suka kawo shi ne sabuwar wuta. A shekarun 1880 wani mutumin Rasha, Nikolai Benardos, ya haɗa ƙarfe da zafin da lantarki ke yi in ya tsallaka daga sandar gawayi. A 1888 ɗan ƙasarsu Nikolai Slavyanov ya musanya gawayin da sandar ƙarfe, don ta narke ta cike mahaɗar. Sai dai haɗin yakan fito da ramuka, ya karye, saboda iska na shiga narkakken ƙarfen. Oscar Kjellberg na Suwidin ya yi maganin wannan wajen 1907: ya lulluɓe sandar da wani haɗi da ke ƙonewa ya tare iskar. Ɓawon nan da mai walda ke ƙwanƙwashewa in ya gama, ragowar lulluɓin ne.

Wani zai ce to ai inji ya shafe gadon maƙeri, duk wanda ya saya ya zama mai walda. Ban yarda ba. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ƙera jiragen ruwa 2,710 samfurin Liberty da walda, cikin gaggawa, da hannun sababbin ma'aikata, wasu jiragen kuwa suka tsage, har da waɗanda suka rabe biyu. Gaskiya ne babban laifin na ƙarfen ne, wanda ke rasa juriya cikin tsananin sanyi, kamar yadda Constance Tipper ta Jami'ar Kambirij ta nuna. Amma tsagar takan fara ne daga kusurwa mai kaifi ko mahaɗar da aka yi wa aikin ganin ido, wato daidai inda ake bukatar idon da ya san halin ƙarfe a wuta.