Tinariwen: Daga Kaset Ɗin Hamada Zuwa Faifan Amatssou

Ibrahim Ag Alhabib yana ƙaramin yaro sojojin Mali suka kashe mahaifinsa, lokacin tawayen Abzinawa na 1963 a yankin Kidal. Gudun hijira ya kai shi Aljeriya. A garin Tamanrasset, wajen 1979, ya haɗu da samari irinsa waɗanda fari da rashin aikin yi suka raba da gida, suka riƙa kaɗa jita a wuraren biki. Tushen ƙungiyar Tinariwen ke nan.

Da Gaddafi ya buɗe wa matasan Abzinawa sansanonin horon soja a Libiya, su ma suka shiga. A can waƙarsu ta sami aikin yi. Mutanen da ba su da jarida, ba su da gidan rediyo a harshensu na Tamashek, sai kaset ya zame musu duka biyun. Kowa ya kawo kaset a naɗa masa, shi kuma ya miƙa wa na gaba, har saƙon ya ratsa hamada ba tare da ɗan kasuwa ko kamfani ba. Wasu daga cikin 'yan ƙungiyar sun ɗauki bindiga a tawayen 1990, amma bayan yarjejeniyar Tamanrasset ta 1991 suka ajiye ta.

Duniya ba ta san da su ba sai 2001, da bikin waƙa na hamada a Tin Essako da faifan The Radio Tisdas Sessions. Faifan Tassili ya kawo musu kyautar Grammy a 2012, shekarar da masu iƙirarin jihadi suka haramta kiɗa a arewacin Mali. Dole suka tafi Amurka suka naɗi faifan Emmaar.

Amatssou, wanda ya fito a 2023, a Djanet ta Aljeriya aka naɗe shi, da hannun mai shirya waƙa Daniel Lanois. An sa goge da banjo irin na ƙauyukan Amurka, abin da wasu tsofaffin masoya ba za su yi maraba da shi ba. Maganar dai ba ta sauya ba: rarrabuwar kan jama'a, gudun hijira, da ƙasar da baƙin mayaƙa suka mamaye. A ganina nan ƙarfinsu yake, domin suna bai sa sun sassauta harshe ba. Makaɗan jita na Nijar irin su Bombino da Mdou Moctar a kan hanyar da suka share suke tafiya.