Hammarby, Unguwar da Aka Gina a Kufan Masana'antu

A kudancin Stockholm, babban birnin Suwidin, unguwar Hammarby Sjöstad na zaune a bakin tafki. Kafin shekarun 1990 wurin tashar jiragen ruwa ne da masana'antu. Kamfanin Luma ya fara ƙera ƙwan lantarki a can a 1930. Ɓangaren Lugnet kuwa rumfunan kwano ne na masu walda da 'yan gwangwan, ƙasar ta sha baƙin mai har ta gurɓace.

Da birnin ya nemi karɓar baƙuncin gasar Olamfik ta 2004, sai aka tsara wurin ya zama masaukin 'yan wasa. Birnin Atina ne ya yi nasara a 1997, amma mahukunta ba su fasa ba. Aka tsabtace ƙasar, aka shimfiɗa layin jirgin lantarki na Tvärbanan ta tsakiyar babban titi, gidajen bene da shaguna suka jeru dama da hagu. Layin ya iso a 2002, ana tsaka da gini. Nan dabarar take, domin sabon mazauni ya tarar da jirgi a ƙofar gida tun bai saba da mota ba. Ga jirgin fito mai tsallaka tafkin, shara kuma iska ke zuƙe ta cikin bututun ƙarƙashin ƙasa.

Wani lissafin bai fita ba. Iyalai masu ƙananan yara sun tare fiye da yadda aka zata, dole aka ƙara makarantu. Gidajen kuma sun yi tsadar da ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci.