Dausayin Baturiya

Dausayin Baturiya fadama ce da gandun namun daji a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta Jihar Jigawa, cikin babban dausayin Haɗeja da Nguru. A ranar 30 ga Afrilu 2008 aka saka shi cikin jerin dausayoyin duniya na Yarjejeniyar Ramsar. Tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suna sauka nan lokacin hunturu, kuma su ne ke jawo masu yawon buɗe ido. Ambaliyar Kogin Haɗeja ce ke raya wurin, amma ta ragu bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992. Ciyawar kachala ta toshe magudanan ruwa da dama, abin da ke wahalar da masunta da masu kwalekwale.