Dala biyu kan kowace waƙa: shin an ci gumin Fanny Crosby?

Ranar 12 ga Fabrairun 1915 Fanny Crosby ta rasu a garin Bridgeport na Amurka, saura 'yan makonni ta cika shekara 95. Masu zuwa coci, har a nan Nijeriya, suna rera waƙoƙinta ko da ba su san sunanta ba. Duk lokacin da ranar ta zagayo, labari ɗaya ake maimaitawa: makauniya tun tana jaririya, ta haddace Linjila huɗu da littattafan Musa biyar tun tana yarinya, ta shiga makarantar makafi ta New York a 1835, ta koyar a can har 1858, ta bar waƙoƙin yabo sama da 8,000. Ba a cika taɓo rigimar da ta tashi a kanta bayan ta tsufa ba, wato ko kamfanin da ya yi kuɗi da baitocinta ya ci guminta. A ganina ya ci, kuma musun da ita kanta ta yi bai wanke shi ba.

A 1864 ta fara rubuta wa mai ɗab'in waƙoƙin coci William Bradbury, bayan rasuwarsa a 1868 kuma ta ci gaba da kamfanin Biglow & Main da ya gaje shi. Dala ɗaya zuwa biyu ake ba ta kan kowace waƙa, shi ke nan, haƙƙin mallaka ya koma hannun kamfani ko wanda ya sa wa baitocin kiɗa. Da dare take tsara waƙa a ka, riƙe da ɗan ƙaramin littafi a hannu, ta adana ta a zuci har sai ta sami mai rubuta mata. Waƙoƙin sun yi yawan da masu ɗab'i suka ji kunyar ganin suna ɗaya ya cika littafi, sai suka riƙa laƙa mata sunayen aro, kusan 200. Da masu bishara Moody da Sankey suka ɗauki waƙoƙin zuwa tarukan wa'azinsu a Amurka da Birtaniya a shekarun 1870, littattafan da ke ɗauke da su suka sayu miliyoyi. Ita kuwa tana ɗakunan haya a unguwannin talakawan Manhattan.

Wanda ya tono zancen shi ne marubuci Will Carleton, wanda ya buga tarihin rayuwarta a 1903, aka kuma yaɗa cewa tana cikin ƙunci. Crosby ta fito ta ƙaryata, ta ce tana cikin rufin asiri, kamfanin kuma bai zalunce ta ba. Masu kare Biglow & Main nan suke kafa hujja: mai abu ta ce ba a cuce ta ba, kai wane ne? Hujjar tana da nauyi, domin matar ba mai son abin duniya ba ce. Abin da ya wuce buƙatarta rabar da shi take yi, kuma shekaru ta yi tana hidima a gidajen ceton mashaya da marasa galihu na unguwar Bowery. Sai dai a duba wadda ke maganar. Tsohuwa ce da ta haura tamanin, mijinta Alexander van Alstyne ya rasu a 1902, takardar yarjejeniya sai an karanta mata, abincinta kuma a hannun kamfanin yake. Wanda ke cikin rijiya ba ya faɗa da mai riƙe da igiya. Ƙanƙantar buƙatarta halinta ne na kirki, ba ita ce ma'aunin abin da aikinta ya cancanta ba.

Akwai masu cewa farashin zamanin ke nan, kowa haka ake biyansa, kuma kiɗan ne ya sayar da waƙoƙin. John Julian, a ƙamus ɗinsa na waƙoƙin coci, ya ma raina baitocinta, yana ganin raunana ne. Gaskiya ne cewa cikin dubban nan akwai masu rauni da yawa. Amma da a ce kiɗa kaɗai ke sayarwa, me ya sa masu tsara kiɗa William Doane da Phoebe Knapp suke kawo mata karin da suka riga suka tsara, suna jiran ta sa masa kalmomi? Haka aka yi "Blessed Assurance" a 1873. Kuma kasancewar kowa ana biyansa kaɗan ba ya nufin an yi adalci ga wadda kamfanin ya dogara da ita kusan rabin ƙarni.

Rigimar ta lafa ba tare da an sauya yarjejeniyar ba. Coci-coci suka ware Lahadin 26 ga Maris 1905 don karrama ta, ta fitar da nata tarihin a 1906, ta ci gaba da tsara waƙa har ƙarshen ranta. A 1922 kamfanin Hope ya saye Biglow & Main, ya gaji tarin waƙoƙinta da aka saya dala biyu-biyu aka ajiye ba a taɓa bugawa ba.